Ladan Ungozoma Haƙƙi Ne a Wuyan Maigida

Duk wanda ya zauna cikin jama'armu a garin Sokode na ƙasar Togo, ko a unguwar Zongo ne ko Didaure ko Komah, ko kuwa ya ratsa arewa har Dapaong ya sauka wurin 'yan'uwanmu da ke can, ya san cewa idan aka je barka aka tambayi dalilin da ya sa mai jego ta sauka a ɗaki ba ta je asibiti ba, amsar ba ta wuce ɗayan uku: ko a ce naƙudar dare ce, ko a ce Allah Ya kawo abin da sauƙi, ko kuwa, idan mai amsar ba ya ɓoye-ɓoye, ya ce asibiti sai mai kuɗi. Wannan amsa ta uku ita ce uwar sauran biyun, domin da yawa daga cikin waɗanda dare ya tsare, da ma tun da rana sun riga sun yanke shawara a zuci cewa ba za a je ba. Saboda haka na ga ya dace mu zauna mu yi hisabin wannan al'amari a natse, mu auna abin da haihuwar gida take ci da abin da haihuwa a hannun ƙwararriyar ungozoma take ci, sa'an nan mu duba a wuyan wa shari'a da hankali suka rataya biyan.

Mu fara da ba wa mai haƙƙi haƙƙinsa. Tun zamanin da kakanninmu fatake suke ratsa ƙasar Kotokoli da ayarinsu, suna bin hanyar goro zuwa Gwanja, har waɗansu suka yada zango suka zauna suka hayayyafa, babu wanda ya karɓi haihuwar 'ya'yansu sai tsofaffin unguwa. Ita ungozoma ita ce mai yanke cibi, mai binne mabiyiya, mai wanke jariri, mai dafa ruwan wankan jego safe da yamma, mai gasa cibi har ya faɗi, kuma ita ce mai lallashin yarinyar da ta yi haihuwar fari tana kunyar ko da nishi. Ladanta kuwa bai taɓa zama abin ciniki ba: sabulu ne, da ɗan hatsi, da turmin zane idan gidan da hali, da kasonta na naman ragon suna, da abin da ya sawwaƙa na kuɗi, wanda ake iya jinkirta shi har a ci kasuwa ko a girbe doya. Ba ta neman takarda, ba ta cewa a biya kafin ta taɓa mai naƙuda, kuma ko tsakar dare aka buga mata ƙofa za ta yafa mayafi ta fito. Wanda ya raina wannan hidima bai san tarihin gidansu ba.

A ɗaya ɓangaren kuma, magidancin da ya ce asibiti yana cin kuɗi bai yi ƙarya ba, kuma ba adalci ba ne a zauna a ofis ana kiransa jahili. Akwai kuɗin zemijan, wato babur na haya, zuwa awo da dawowa, sau da yawa a tsawon cikin. Akwai littafin awo, da gwajin jini da na fitsari, da hoton ciki idan an nema. Ranar haihuwa kuma akwai safar hannu da auduga da sabulu da leda da sauran tarkacen da akan ce a zo da su, ga takardar magani da za a miƙo wa miji ya ruga kantin magani, ga abincin mai jinya, ga yinin kasuwa ko na gona da ya salwanta. Mafi ƙanƙantar albashi da doka ta tsayar a Togo, tun daga watan Janairu na 2023, sefa 52,500 ne a wata, alhali kuwa galibin mutanenmu ba ma'aikatan albashi ba ne, ƙananan 'yan kasuwa ne da mahauta da teloli da direbobi da manoma, waɗanda abin da suka samo yau shi ne cefanen gobe. Mutumin da ke cikin wannan hali, idan ya ɗora sabulu da zane a tafi ɗaya na ma'auni, ya ɗora waɗancan buƙatu a ɗaya tafin, dole ya ga ɗaki ya fi araha.

To, amma fa hisabin nan bai cika ba, domin an auna abin da aka biya, ba a auna abin da aka saya ba, kuma Hausawa sun ce araha ba ta ado. Masana harkar lafiya sun daɗe da ƙiyasta cewa cikin kowace mata ɗari masu juna biyu, kimanin 15 za su gamu da wata matsala mai iya barazana ga rai, kuma abin da ya sa lamarin ya zama mai ban tsoro shi ne cewa mafi yawan waɗannan matsaloli ba sa aiko da sallama, ba sa kuma bambanta wadda ta yi haihuwa shida lafiya da wadda yau ne farkonta. Babbar cikinsu ita ce zubar jini bayan haihuwa, lokacin da mahaifa ta ƙi tsukewa ko wani yanki na mabiyiya ya maƙale, kuma wannan yana iya ɗauke lafiyayyar mace cikin sa'a biyu. Sai jijjiga, wadda hawan jini ke haifarwa, sai doguwar naƙuda idan ɗa ya zo a gicciye ko ƙugu ya yi masa kaɗan, sai zazzaɓin da ƙazanta ke kawowa a kwanakin jego, sai kuma jaririn da ya faɗo bai yi kuka ba, wanda rayuwarsa take rataye da abin da za a yi masa a mintin farko. Ƙwararriyar ungozoma tana da allurar oksitosin da ke matse mahaifa, wadda sai an adana ta cikin sanyi take aiki yadda ya kamata. Tana da maganin tsayar da jijjiga, da abin awon jini, da 'yar jakar hura wa jariri iska. Fiye da duka kuma tana da ilmin gane lokacin da abu ya fi ƙarfinta, ta tura gaba tun da sauran lokaci. Wannan ilmi da waɗannan kaya su ne abin da kuɗin yake saye.

Domin a ga yadda zubar jini take yaudarar ido, ya isa a tuna wani babban bincike da aka wallafa a 2023, wanda aka gudanar a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano tana cikin jagororinsa. An shimfiɗa wa masu haihuwa wata leda mai ma'auni da ke tara jinin da ya zuba, ta yadda da zarar ya kai haddi sai a haɗa magunguna da dabaru a yi su gaba ɗaya ba tare da jira ba, sai ga shi munanan sakamakon zubar jini sun ragu da kashi 60 cikin 100. Ma'anar wannan ita ce, hatta ma'aikatan da suka yi karatu, a cikin ɗaki mai lantarki, idonsu kaɗai yana kuskuren ƙiyasin jini. To, ina ga tsohuwa mai duba tsummoki da hasken tocila, tana cewa ai ƙazantar haihuwa ce, gara ta fita?

Alƙaluma ma sun faɗi nasu. Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya da aka yi a Togo a 2013 zuwa 2014 ya nuna cewa mata 401 ne suke rasuwa a dalilin ciki da haihuwa cikin kowace haihuwa 100,000, wato kusan mace ɗaya cikin kowace haihuwa 250, kuma ya nuna fiye da rubu'in haihuwar ƙasar a wajen asibiti ake yin ta, abin da ya fi yawa a karkara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kimanin 287,000 ne suka rasu ta wannan hanya a duniya, kusan kashi 70 cikin 100 a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, alhali burin da ƙasashe suka ɗaukar wa kansu shi ne a sauko ƙasa da 70 cikin 100,000 kafin 2030. Kowace ɗaya cikin waɗannan lambobi gida ne da aka yi zaman makoki a makon da aka shirya yin suna.

Sa'an nan ko da an ajiye maganar rai gefe, wadda ba ta ajiyuwa, an tsaya ga kuɗi tsagwaronsa, haihuwar gidan da ta rikice ita ce mafi tsadar haihuwa. Masana sun lura cewa jinkiri uku ne suke kashe mai naƙuda: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. A gidajenmu na farkon yakan faru ne domin ana jiran maigida ya dawo ya ba da izini, ko ana jiran rubutu ya yi aiki, ko ana kunyar a ce yarinya ba ta da dauriya. Kafin a miƙe dare ya raba, sai a ɗauki shatar mota a farashin da mai ita ya ga dama, a isa da mace ta galabaita, a ce sai tiyata, sai ƙarin jini, sai kwanaki a gado, jariri kuma wataƙila an riga an rasa shi. Mazaunin cikin garin Sokode yana da rangwame, tun da babban asibitin yanki da cibiyar ajiyar jini duk suna kusa da shi. Amma a tuna da wadda take Djarkpanga a bayan duwatsun Fazao, ko wadda take Mandouri can ƙuryar Kpendjal, inda nisa da damina suka haɗu da matsalar tsaron da ta sa aka kafa dokar ta-ɓaci a yankin Savanes tun watan Yuni na 2022. Wadda ta tsira da ranta daga doguwar naƙuda kuwa, tana iya tashi da yoyon fitsari, kuma matan da ake tarawa lokaci lokaci a babban asibitin Sokode domin yi musu aikin gyara shaida ne cewa wannan lalura tana nan a cikinmu, tana raba aure, tana raba mace da sahun jama'a shekara da shekaru. Abin da aka yi tattali a daren farko, an biya ninkinsa ba adadi.

Yanzu sai mu koma ga abin da malamanmu suka karantar da mu a zaure, domin mu mutanen mazhabar Imamu Malik ne, kuma wannan mas'ala ba baƙuwa ba ce a littattafanmu. Shehu Halil, a cikin Muhtasar, a babin ciyarwa, lokacin da yake lissafa abubuwan da suka wajaba a kan miji ga matarsa, ya ambaci ladan ungozoma tare da ruwa da mai da itace da gishiri, wato ya sanya shi cikin larurorin yau da kullum waɗanda alƙali zai iya tilasta wa miji. Ibn Haldun kuma, a Muƙaddimarsa, ya ware fasali guda domin sana'ar karɓar haihuwa, ya ƙidaya ta cikin sana'o'i masu daraja waɗanda zaman ɗan Adam ba ya wadatuwa daga gare su. Idan haka ne, ladan ungozoma bashi ne a kan miji tun ranar da ciki ya tabbata, ba alheri ba ne da zai yi idan ya ga dama. Kuma tun da manufar wajabta shi ita ce kiyaye rai, wanda yake cikin manyan abubuwa biyar da shari'a ta zo domin ta tsare, ni a fahimtata wajibin ba ya sauka sai an biya wadda za ta iya tsare ran, gwargwadon ilmin da Allah Ya buɗa wa mutanen zamani. Na sani akwai masu cewa wadda ta rasu wurin haihuwa ta yi shahada, kuma wannan magana ta tabbata a hadisi; sai dai falalar ta mamaciya ce, ba ta zama hujja ga wanda ya yi sakaci ba, kuma babu malamin kirki da ya taɓa fassara tawakkali da barin riƙo da sababi.

Wani mai karatu zai iya cewa ai a ƙasashen Turawa ma ana haihuwa a gida, har masu ilmi da wadata suna zaɓar hakan. Gaskiya ne, kuma ya kamata a san sharuɗɗan da suka sa abin yake yiwuwa a can. A Holan, ungozomar da ta yi shekaru tana karatu ita ce take bin cikin tun farkonsa, ta tace wadda ke da alamar hatsari ta tura ta asibiti, ta zo gidan wadda ta rage da jakar kayan aikinta, motar asibiti kuma tana iya isowa cikin ɗan lokaci kaɗan, inshorar lafiya ce kuma take biya. A Ingila hukumar lafiya ta ƙasa ce take aiko ungozoma gida ba tare da an biya ko kwabo a lokacin ba. A Amurka, inda iyali da yawa suke biya daga aljihunsu, ladan ya kai dubban daloli. Ashe haihuwar gida mai aminci aba ce mai tsada ƙwarai, sai dai a wasu ƙasashe jama'a ce take haɗuwa ta ɗauki nauyin. Mu abin da muke kira haihuwar gida shi ne haihuwa babu awo, babu allura, babu mota a ƙofa, kuma suna ne kawai ya haɗa su. Har zuwa ranar da za mu sami ungozomomi da hanyoyi da motoci irin waɗancan, wurin da ƙwararriyar ungozoma take a ƙasarmu shi ne ɗakin haihuwa na asibiti, can ya kamata a kai mata.

Hukumar Togo ta yi abin a yaba a wannan fage, kuma wajibi ne jama'a su san shi domin su nemi haƙƙinsu. Tun 2011 aka sa tallafi a kan tiyatar fidda jariri, aka tsayar da kason iyali a kan sefa 10,000. A watan Agusta na 2021 aka ƙaddamar da shirin Wezou, wanda yake ɗauke wani kaso na kuɗin awo da gwaje-gwaje da haihuwa da kulawar jego har kwana 42, ga duk wadda aka yi wa rajista a asibitin gwamnati ko wanda aka amince da shi. A farkon 2024 kuma aka fara aiwatar da inshorar lafiya ta bai-ɗaya. Haka nan tun Janairu na 2022 takardar haihuwa kyauta ce idan an kai sanarwa cikin kwana 45, abin da ya fi sauƙi ga wadda ta haihu a asibiti, domin da shaidarta take fitowa, ɗan da aka haifa a ɗaki kuwa sau da yawa sai ranar jarrabawar makaranta ake tuna ba shi da takarda, a shiga zaryar kotu da kashe kuɗi. Sai dai duk wannan tallafi yana farawa ne daga ƙofar asibiti, alhali babbar wahalar talaka tana tsakanin ƙofar gidansa da waccan ƙofar. Maƙwabtanmu sun ɗan yi nisa: Ghana ta mayar da kulawar masu juna biyu kyauta a ƙarƙashin inshorarta tun 2008, Burkina Faso kuma, wadda mutumin Dapaong yake leƙawa ta Cinkasse, ta yi haka a 2016. Abin da ya kamata hukuma ta ƙara shi ne ɗaukar nauyin jigilar mai naƙuda, da samar da masaukin jira kusa da asibiti ga matan ƙauyuka masu nisa idan wata ya kama, da ɗaukar 'yan matan da makarantun ungozoma na Lome da Kara da makarantar mataimakan lafiya ta nan Sokode suke yayewa, a tura su karkara da albashin da zai zaunar da su.

Ma'aikatan asibiti su ma akwai magana a kansu, kuma zan faɗe ta da girmamawa domin na san ƙarancinsu da nauyin da ke kansu. Mace da yawa ba kuɗi ne kaɗai yake hana ta zuwa ba, tsoron tsawa ne da wulaƙanci, da kwanciya a buɗe gaban baƙi, da rashin mai jin harshenta, da kuɗin da akan karɓa babu rasit. Matar da aka daka wa tsawa a haihuwar fari, ta biyu a ɗaki za ta yi, kuma za ta hana ƙanwarta da kishiyarta zuwa. Labule, da tattausan lafazi, da barin uwa ko yaya ta tsaya kusa, da allon da aka rubuta farashin kowane abu aka kafa a bango inda kowa zai gani, duk ba su da tsada, amma suna jawo mata fiye da kowace sanarwa ta rediyo.

Ita kuma ungozomar unguwa, kuskure ne babba a ce za a kore ta, domin maganarta ta fi ta likita shiga kunnen surukai. Amma a duba halin da take ciki: duk mai naƙudar da ta tura asibiti, sabulunta da zanenta ne suka tafi, kuma ba a tsammanin mutum ya yi ta rushe abincinsa da hannunsa. Maganin wannan shi ne a tabbatar mata da ladanta cikakke idan ta rako mace asibiti, kamar dai ita ta karɓi haihuwar, a bar mata kuma hidimar wankan jego da kula da jariri, a koya mata alamomin hatsari da tsabtar cibi, a kuma roƙe ta ta bar yankan gishiri da ɗura jiƙe-jiƙen gaggauta naƙuda. Wannan abu ne da sarakunan zango da limamai da shugabannin mata za su iya tsayarwa a unguwa da yawun bakinsu, ba sai sun jira takarda daga Lome ba. Haka nan za su iya kafa asusun gaggawa a kowane masallacin Juma'a da kowace ƙungiyar adashe, su yi yarjejeniya da direbobi biyu ko uku waɗanda za a kira kowane lokaci na dare a kan farashin da aka riga aka yanke, matasa kuma su riƙa ba da jini tun kafin a buƙata.

Maganata ta ƙarshe gare ka take, ɗan'uwa magidanci. Ciki wata tara yake yi yana sanar da kai zuwansa, kuma tun ran gini tun ran zane. Na ga yadda mukan ɗaure ragon suna tun ciki yana wata shida, mu yi ta kiwonsa, mu tanadi goro da atamfa da kayan fitar suna, alhali kuɗin ragon nan kaɗai ya ninka kason da aka yanka wa iyali na tiyata. Yanka rago sunna ce mai lada, wadda take sauka daga kan wanda bai da hali, amma ladan ungozoma wajibi ne, kuma ba a gabatar da sunna a kan wajibi. Ka kai maiɗakinka awo tun watannin farko, ka tabbata an yi mata rajistar Wezou, ka ware kuɗin haihuwa da na mota ka damƙa su a hannunta, ka kuma faɗa a gaban mahaifiyarka da dukan mutanen gida cewa ka ba da izini tun yanzu, duk sa'ar da naƙuda ta taso a tafi asibiti ko kana nan ko ba ka nan. Allah Ya sauki matanmu lafiya, Ya raya abin da suka haifa, Ya ba mu ikon sauke amanar da Ya ɗora mana.